Domino: Wasan 'ya'ya 28 da mai lissafi ke cin mai jiran sa'a

Noman rani aiki ne mai yawan jira. Manomin tumatir a Kadawa ko Ɗorawar Sallau zai jira ruwa ya iso gonarsa, ya jira 'yan ƙwadago su gama tsinka, ya jira motar da za ta kwashi kwanduna zuwa Kwanar Gafan, can ma ya jira dillali ya yanke farashi. Tun bayan da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma ja magudanan ruwa zuwa ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, noma ya zama na shekara cur a wannan yanki: shinkafa da damina, tumatir da albasa da alkama da rani.

Irin wannan jira, da zaman majalisa bayan la'asar, su ne suka raya wasannin da kowa ya sani. Dattawa na haƙa gurabe su buga dara da tsinke da tsakuwa. Matasa na doka karta ko lido. A 'yan shekarun nan kuma wayar hannu ta shigo da wasannin da da ba a saba gani a ƙauyukan Kano ba, ɗaya daga cikinsu shi ne domino.

Masu fara shi da yawa na ɗaukarsa kamar lido, wato abin da sa'a ta ba ka shi ke nan. Gaskiya ne rabon farko na sa'a ne. Amma da zarar an ajiye ɗa huɗu ko biyar a ƙasa, wasan ya fi kusa da dara, domin wanda ke ƙirga abin da ya fita da abin da ya rage shi ke juya sauran.

Me ke cikin akwatin?

Kayan wasan ƙananan allunan roba ne ko na katako, kowanne tsawonsa ya ninka faɗinsa. Tunda masu dara na cewa 'ya'yan dara, su ma a kira su 'ya'yan domino. An raba fuskar kowane ɗa gida biyu da layi a tsakiya, kowane gida kuma na ɗauke da ɗigo daga ɗaya zuwa shida, ko kuma a bar shi fanko babu komai. Bayansu duka iri ɗaya ne.

Cikakken akwati na da 'ya'ya 28. Wannan adadi ya fito ne daga haɗa lambobi bakwai, wato fanko da 1 har zuwa 6, kowace da kowace sau ɗaya tak. Akwai 6-5 guda ɗaya, akwai 4-1 guda ɗaya, babu wanda aka maimaita. Bakwai daga cikinsu tagwaye ne, masu lamba ɗaya a gida biyu: fanko-fanko, 1-1, har zuwa 6-6 wanda ya fi kowa nauyi da ɗigo 12.

Abu biyu ne ya kamata sabon shiga ya haddace tun kafin ya zauna. Na farko, kowace lamba tana kan 'ya'ya bakwai ne kacal. Biyar, alal misali, tana kan 5-0, 5-1, 5-2, 5-3, 5-4, 5-5 da 5-6. Na biyu, idan aka tara ɗigon 'ya'yan duka za a samu 168. Duk dabarar wasan a kan bakwai da 168 ɗin nan take tsaye.

Yadda ake bugawa

Za a kife 'ya'yan a kan tabarma ko benci a cakuɗa su da tafin hannu. Idan mutum biyu ne, kowa ya ja bakwai, sauran 14 su zauna gefe a kife, kamar abin da masu karta ke kira kasuwa. Idan mutum huɗu ne, kowa ya ja bakwai, babu abin da zai rage, kuma waɗanda ke fuskantar juna su ne abokan tafiya, biyu da biyu.

A zagayen farko mai 6-6 ne ke buɗe wasa. Na kusa da shi sai ya jona ɗa mai shida a ɗaya daga ɓangarorin. Daga nan layi na da baki biyu, kuma duk wanda layi ya zo kansa dole ya ajiye ɗan da lambarsa ta dace da ɗaya daga cikin bakunan. In baki ɗaya 5 ne ɗayan kuma 2, sai mai biyar ko mai biyu. Tagwaye ana gitta su ne a kan layi don a riƙa ganinsu, amma a wasan da aka fi bugawa hakan ba ya ƙara baki na uku.

Wanda ba shi da abin ajiyewa, a wasan mutum biyu, zai tafi kasuwa ya yi ta ja har ya samu. A wasan mutum huɗu babu kasuwa, sai ya ƙwanƙwasa benci a wuce shi. Ba a yarda mutum ya ƙwanƙwasa alhali yana da abin ajiyewa ba, kuma wannan ita ce dokar da ta fi kowace muhimmanci, saboda dalilin da zai zo nan gaba.

Wanda ya fara ƙarar da 'ya'yansa ya ci zagayen. Sai a ƙirga ɗigon da ya rage a hannun abokan hamayya a rubuta wa ɓangarensa a matsayin maki. Ana ci gaba da zagaye har wani ɓangare ya kai adadin da aka yi yarjejeniya a kai, sau da yawa 100. Shi ke nan dokokin. Yaro ɗan firamare zai iya koyonsu kafin shayi ya huce.

Ƙwanƙwasa magana ce

Inda wasan ke fara daɗi shi ne lokacin da mutum ya gane cewa kowace ƙwanƙwasa tona asiri ce.

A ce mutum huɗu ne ke zaune. Na farko ya buɗe da 6-6. Na biyu ya jona 6-5. Na uku ya ɗora 5-4. Na huɗu ya koma ɗaya bakin ya sa 6-2. Yanzu bakunan layi 4 da 2 ne. Layi ya dawo kan na farko, sai ya ƙwanƙwasa.

Sabon shiga zai ce wane bai samu ba, ya wuce wurin. Gwani kuwa ya riga ya rubuta a ransa cewa a cikin 'ya'ya shidan da ke hannun wannan mutum babu mai huɗu, babu mai biyu, kuma har a gama zagayen ba zai samu ba tunda babu kasuwa. Idan na biyu, wanda abokin hamayyarsa ne, yana riƙe da 4-2, to ya samu makami. Zai iya jona shi ta bakin biyu, bakunan duka su koma huɗu. Zai iya jona shi ta bakin huɗu, duka su koma biyu. Wanne zai zaɓa? Sai ya duba hannunsa: lambar da ya fi yawa da ita, ita zai bari a waje, domin in shi ke riƙe da mafi yawan masu huɗu, to sauran mutane kaɗan ne za su iya amsawa.

Na uku kuma, abokin tafiyar wanda ya ƙwanƙwasa, aikinsa ya sauya. Ya zama wajibi ya yi ƙoƙarin rufe huɗu da biyu, ya buɗo wa abokinsa wata lambar. Wanda ya manta abokinsa ya ƙwanƙwasa a kan huɗu, ya je ya sake buɗe huɗu da hannunsa, shi ne dara ta ci gida.

Wannan ne ya sa ƙwanƙwasar ƙarya ke rusa wasan gaba ɗaya. Mutum uku sun gina lissafinsu a kan abin da ka nuna musu. A wurare da dama wanda aka kama da ita ɓangarensa ya faɗi zagayen nan take, kuma hukuncin bai yi tsauri ba.

Akwai wasu ɗabi'u da ke raba wanda ya kwana biyu a wasan da wanda ya zo yau. Tagwaye kaya ne masu wuyar sauka, domin ƙofa ɗaya gare su. Mai 5-3 zai shiga ta biyar ko ta uku, amma mai 5-5 sai ta biyar kawai, kuma in sauran masu biyar shida suka fita kafin ya samu dama, to ya mutu a hannu da ɗigo goma. Saboda haka ana rabuwa da manyan tagwaye da wuri. Haka nan ɗa na farko da abokin tafiya ya zaɓa da kansa, a zagayen da ba a tilasta 6-6 ba, yawanci alama ce ta lambar da ya fi ƙarfi a kanta, kuma ba a gaggawar toshe masa ita.

Kulle wasa

Wani lokaci babu wanda ke ƙarar da 'ya'yansa. Idan duka 'ya'ya bakwai masu huɗu suka sauka, kuma bakunan layi biyu huɗu suke nunawa, babu mai iya ajiye komai. Wasa ya kulle. Kowa zai buɗe hannunsa a ƙirga, ɓangaren da ɗigonsa ya fi ƙaranci shi ya ci.

Kullewa ba hatsari ba ne a wajen gwanaye, da gangan ake yinta, kuma a nan ne 168 ke aiki. A ce mutum na riƙe da ɗa na ƙarshe mai huɗu, yana da damar kullewa. Ya ƙirga abin da zai kasance a ƙasa bayan ya ajiye: 'ya'ya 18, ɗigo 112. Ke nan ɗigo 56 ne suka rage a hannun mutum huɗu, rabinsu 28. Shi abin da zai rage masa 1-0 ne da 2-2, ɗigo biyar. Abokinsa na da 'ya'ya biyu. Ya duba ƙasa ya ga 6-6 da 6-5 da 6-2 duk sun fita, masu huɗu ma sun ƙare, mafi nauyin abin da bai gani ba shi ne 5-5 da 6-3. Ko da su biyun ne a hannun abokin nasa, 19 ne, a haɗa da biyar ɗinsa 24. Bai kai 28 ba. Ya kulle hankali kwance, domin abokan hamayya ba za su gaza 32 ba.

Mutumin da ke iya lissafa kuɗin kwando 40 a kai, ya cire na mota da na dillali kafin mai kalkuleta ya gama dannawa, wannan ba zai ba shi wahala ba. Abin da ke ba mutane wahala shi ne haƙurin ƙirgawa a lokacin da ake ta surutu a kansu.

Sai dai a yi yarjejeniya tun farko a kan yadda za a yanke kullewa. Wasu na haɗa ɗigon abokan tafiya biyu kamar yadda aka yi a misalin nan, wasu kuma na duba mutum ɗaya da ya fi kowa ƙarancin ɗigo su ba ɓangarensa. Rigimar domino da yawa daga nan take tashi.

Daga Sin zuwa bakin Nilu

Mafi daɗewar ambaton wasan a rubuce daga ƙasar Sin ya fito, a wani littafin marubuci Zhou Mi wanda ya rayu daga 1232 zuwa 1298. Na Sinawa 'ya'ya 32 ne kuma babu fanko a ciki. Irin mai 28 da aka fi sani yau ya bayyana ne a Italiya a ƙarni na 18, ya shiga Faransa, ya tsallaka Ingila kafin ƙarshen ƙarnin. Daga Turai ya bi jiragen ruwa. A Kuba an fi buga mai 'ya'ya 55 da ke kaiwa har 9-9. A Jamaika kuwa ana doka ɗa a kan tebur da ƙarfi har sauran su yi tsalle, kuma hakan cikin wasan yake.

Ga Bahaushe, hanyar da ta fi kusa ita ce ta gabas. A Masar domino abokin shayi ne a gidajen gahawa. A Sudan, inda ake kiransa dumna, yana cikin manyan wasannin zaman dare na maza. Can kuwa akwai Hausawa masu yawa tun zamanin tafiya Hajji a ƙasa da kuma hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta haifar da garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Mutanen Afirka ta Yamma da dama sun yi aikin auduga a babbar gonar noman rani ta Jazira, wadda ta fara aiki a 1925 da ruwan madatsar Sennar. Ita ma ƙasa ce ta magudanan ruwa da jiran layi, kamar Kadawa, sai dai ta ninka ta girma nesa ba kusa ba.

In kuɗi ya shigo

Ba a maganar wasan tebur a Kano a tsallake batun caca. Jihar na aiki da dokokin Shari'a tun 2000, kuma a watan Oktoban 2024 Hukumar Hisbah ta shiga rufe shagunan cacar wasanni. A watan Nuwamban shekarar Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce jihohi ne ke da hurumin tsara harkar. Ma'ana, a Kano dokar Kano ce ke aiki.

A addinance babu saɓani cewa duk wasan da aka sa kuɗi, wanda ya ci ya kwashe, caca ne, kuma aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta shi. Ko naira hamsin ce, ko kuɗin shayin wanda ya faɗi, suna ɗaya ne. Inda malamai suka sha bamban shi ne wasan da babu kuɗi. Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yi hani ga nardi, wani wasan da ake jefa ƙwaya mai ɗigo, kuma wasu malamai na kiyasta domino a kansa saboda akwai rabo na sa'a a ciki. An kuma san Imamu Malik, wanda mazhabarsa ce ake bi a ƙasar Hausa, bai so ko wasan shaɗaranji ba. Wasu malaman kuma na ganin halascinsa da sharaɗin babu kuɗi, babu zagi da rantse-rantse, kuma bai sa an jinkirta sallah ko an bar aiki ba. Mai son tsayawa a kan hukunci sai ya tuntuɓi malamin da ya amince da shi.

Hatsarin da ya fi kusa da matashin yankin noman rani shi ne lokacin da tumatir ya fito. Kuɗin wata uku ko huɗu na wahala kan shigo hannu a 'yan makonni, kuma kowa a nan ya san ba kowace shekara ake samu ba. Waɗanda suka ga abin da tsutsar Sharon ta yi wa gonakin Kadawa a 2016, shekarar da kamfanin tumatir na Ɗangote ya fara aiki ya kuma tsaya saboda rashin kaya, ba sa buƙatar a tuna musu.

Domino na kuɗi ya fi lido na kuɗi haɗari ga baƙo, saboda dalilin da ya sa wasan ke da daɗi: gwani na cin sabon shiga kusan kullum idan aka daɗe ana bugawa. A wasan mutum huɗu kuma abokai biyu na iya haɗa baki, ɗaya ya sosa kunne ko ya yi tari, ɗayan ya gane lambar da ake so. Wanda ya zauna da mutanen da bai sani ba a tasha ko a bakin kasuwa, da kuɗin kwandunansa a aljihu, ya riga ya faɗi kafin a cakuɗa.

Na waya ma sai an lura. Akwai manhajojin da ake bugawa kyauta ko babu intanet, kuma suna da amfani wajen koyo, domin mutum zai buga zagaye ashirin shi kaɗai yana gwada ƙirga masu biyar da masu shida ba tare da an yi masa dariya ba. Amma duk manhajar da ta ce a sayi wasu sulallan wasa da kuɗin gaske, ko ta yi alƙawarin za a cire riba, ta tashi daga koyo ta koma shagon da Hisbah ke rufewa, sai dai wannan a aljihu yake.

Ko babu na kanti

Ba sai an je birni neman akwati ba. Kafinta zai iya yanka guntayen falanki 28 masu girma ɗaya, a ja layi a tsakiya, a ɗiga fenti. Kwali mai kauri ma ya wadatar don koya wa yara. Abu ɗaya ne ba a sassauci a kansa: bayan 'ya'yan ya zama iri ɗaya sak. In ɗaya na da tabo ko tsagewa, cikin kwana biyu kowa zai haddace cewa shi ne 6-6, wasa ya lalace.

Idan an gama yankawa, a tabbatar da ƙirgar ta hanyar jera su duka a layi ɗaya bisa dokar wasan. In 'ya'yan sun cika 28 ba tare da maimaici ba, duka za su shiga, kuma bakunan biyu za su ƙare da lamba ɗaya, kowace hanya aka bi. Dalili shi ne kowace lamba ta bayyana sau takwas idan aka ƙirga gida biyun ɗan tagwayenta, kuma a cikin layi biyu-biyu suke haɗuwa.

Daga nan ne aka samu wata 'yar dabara da ke ɗaure wa yara kai. Babba zai ɓoye ɗa guda a aljihu, wanda ba tagwaye ba, ya ce su jera sauran 27 yadda suka ga dama, shi kuma ya juya baya ya faɗa musu lambobin da za su ƙare da su. In 5-2 ya ɓoye, baki ɗaya zai tsaya a kan biyar, ɗayan a kan biyu.